An ce an ware wa 'yan sanda kusan tiriliyan, to me ya sa aka ce in kawo kuɗin mai?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta kwana biyu a wurina, ba share ka na yi ba, so nake in samu natsuwa tukuna. Ka ce an fasa maka shago a Gombe an kwashe wayoyi, ka je caji ofis aka ce sai ka kawo kuɗin mai kafin a je a ga wurin, alhali da kunnenka ka ji a rediyo an ware wa 'yan sanda kusan tiriliyan ɗaya, shine kake tambaya wai akwai yadda ake auna abin da aikin ɗan sanda yake ci kuwa, ko lamba kawai ake rubutawa a Abuja. Da farko Allah ya mayar maka da mafi alheri. Ni akanta ne, kasafi da binciken bauca, wato takardun biyan kuɗi, na yi shekara da shekaru a nan Bauchi, ban taɓa sa kaki ba, don haka ta ƙofar lissafi zan shigo maka.

Tiriliyan ɗin nan da ya tsaya maka a rai, mu fara yanka shi mu gani. A kasafin 2024 abin da aka rubuta wa ɓangaren 'yan sanda ya kusa tiriliyan ɗaya, gaskiya ne. Raba shi da mutanen ƙasar nan, mu ce miliyan 220, kowane mutum ya tashi da wajen naira 4,500 a shekara guda cur. A ƙarshen wannan shekarar litar fetur ta haura naira 1,000, kaga kenan tsaronka na wata goma sha biyu bai kai kuɗin lita biyar ba. Sake raba shi da yawan 'yan sandan, adadin da aka daɗe ana faɗa wajen 370,000 ne, sai ka samu kamar miliyan 2.7 kan kowane ɗan sanda a shekara, wato wajen 225,000 a wata. Kar ka ce ai da yawa, domin a cikin wannan ɗin ne albashinsa yake, daga kurtu har Sufeto Janar, da kakinsa da takalminsa da harsashi da motar da zai hau da man da za ta sha da gyaran barikin da yake kwana da kwalejin da ta horar da shi. Kuɗi in yana dunƙule tsoro yake bayarwa, in ka raba sai ka ga ashe tuwon gidan yawa ne.

Kasafin gwamnati kashi uku ake zuba shi, albashi, kuɗin gudanarwa na yau da kullum, sai manyan ayyuka irin su gini da sayen motoci. A wurin 'yan sanda albashi ne ke lashe kusan komai, kuma wannan ba abin mamaki bane, ko a Ingila da Amurka haka ne tunda aikin na mutane ne. Inda gizo ke saƙar shine ɗan abin da ya rage. Kuɗin gudanarwa shine mai, taya, batir, takarda, katin waya, abincin wanda aka tsare a bayan kanta, kuɗin motar kai mutum kotu. Albashi yana faɗawa asusun ɗan sanda kai tsaye duk wata, shi kuwa kuɗin gudanarwa sai ya biyo hanya, daga hedkwata a Louis Edet House a Abuja, ya sauko shiyya (ta 12 tana nan Bauchi), ya zo wurin kwamishina, ya bi ta eriya kwamanda, kafin ya iso hannun DPO, in ma ya iso. To ka biya mutum ashirin albashi su zauna a caji ofis ba ka ba su lita ko ɗaya ba, me ka saya da kuɗinka? Zama ka saya. Ranar da kai ka shigo da ƙararka, kai ne kasafin gudanarwar wannan ranar. Ban ce halal bane fa, doka ba ta ce mai ƙara ya biya ko sisi ba kuma beli kyauta ne, akwai kuma masu fakewa da rashin mai su cika aljihu ko da tanki a cike yake, amma in kana son ka gane daga ina abin ya samo tushe, nan ne.

Sannan abin da duk wanda ya yi aikin kasafi ya sani, lambar da aka karanta a majalisa daban, wadda aka saki daban, wadda aka kashe daban, wadda ta zama abu a ƙasa daban. Rediyo ta farkon take faɗa maka. Musamman a manyan ayyuka, sai shekara ta ƙare ba a saki rabi ba, a sake kwafo aikin a kasafin baɗi kamar sabo.

Yanzu ga inda masu lissafi da yawa ke faɗawa rami. Suna ɗaukar kasafin tarayya su ce shine kuɗin aikin 'yan sanda, alhali aljihu ɗaya ne cikin aljihuna da yawa. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan kuma ta tarayya ce, amma je ka duba motocin sintirin da ke yawo a Gombe ko Bauchi ka karanta rubutun jikinsu, da yawa gwamnatin jiha ce ta saya ta bayar. Wannan kuɗin yana cikin kasafin jiha, wani lokacin ma a cikin kuɗin tsaron nan na gwamna da ba a fayyace yadda aka kashe shi. Ciyaman na ƙaramar hukuma yana ba da nasa, mai ko ɗan alawus. Akwai Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da Buhari ya sa wa hannu a 2019, wanda dokarsa ta wancan lokacin ta ce a riƙa cire kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya da kashi 0.005 na ribar kamfanoni, har jihar Ribas ta kai ƙara, kotun tarayya kuma ta ce a 2022 cirewar nan daga asusun tarayya ta saɓa wa tsarin mulki. Bankuna da kamfanoni da manyan mutane suna biyan kuɗin rakiya da gadi. 'Yan kasuwa su yi karo-karo su gina ofishin 'yan sanda a bakin kasuwa ko su sayi janareto. Sai aljihu na ƙarshe wanda babu shi a kowane littafin gwamnati, naka da nawa.

Wannan na ƙarshen ma ana iya auna shi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka sun bi gida-gida suna tambayar mutane. A binciken 2016 kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka yi hulɗa da ɗan sanda sun ce sun ba da cin hanci ko an nema, a na 2019 ya sauko 33. Na 2023 ya ƙiyasta tsabar kuɗin da aka miƙa wa ma'aikatan gwamnati gaba ɗaya, ba 'yan sanda kaɗai ba, ya kai naira biliyan 721 a shekara ɗaya. Direban da ya taso daga Azare zuwa Bauchi da lodin awaki, ɗari biyun da yake miƙawa a kowane shinge a kan akuyar yake ɗorawa, mai sayen nama a Muda Lawal ne ya biya bai sani ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Shekarun baya aka sace babur ɗin ɗan wana a ƙofar masallaci, yaro ne mai acaɓa, na raka shi wani caji ofis, kuma halin akanta, akwai ɗan littafi a aljihuna duk abin da ya fita sai na rubuta. Takardar da aka rubuta bayaninsa mu muka sayo a shagon da ke tsallaken titi, da bairo, da fayil. Motar ofishin tana nan a gindin darbejiya a kan duwatsu ba taya biyu, kaji har sun saba kwana a ƙarƙashinta, sai muka ɗauki Keke NAPEP da ɗan sanda mai binciken. Da aka ji labarin an ga babur ɗin a wata kasuwar ƙauye, kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum uku da abincinsu a kanmu. Sajen nan da ya riƙe fayil ɗin, wallahi mutumin kirki ne, da wayarsa da katinsa yake kiran masu ba shi labari, rannan a gabana ya ciro kuɗi a aljihunsa ya sayo wa wani tsararre biredi da ruwa saboda tun jiya ba wanda ya zo masa. An samo babur ɗin bayan kusan wata guda. Da na tattara abin da ke littafina, ga kwanakin da yaron bai fita aiki ba yana zarya, sai na ga ya kusa sulusin kuɗin babur ɗin. A takardar gwamnati kuwa wannan binciken bai ci komai ba sai albashin saje. Duk wanda ya zauna a ofis ya lissafa daga takarda zai ce aikin 'yan sandanmu araha ne.

To yaya ake yin lissafin na gaskiya? Daga ƙasa ake tasowa, ka ɗauki aiki guda ka bi shi. Misali gadin ƙofa ɗaya dare da rana. Shekara tana da awa 8,760. Mutum ɗaya in zai yi awa takwas, ka cire masa ranakun hutu da hutun shekara da jinya da kwas, da ƙyar ya ba ka awa 1,800. Kaga ƙofa ɗaya tana cin mutum kusan biyar. Motar sintiri mai mutum huɗu da ake so ta yi ta yawo ba tsayawa, mutum ashirin take nema. Mu a nan abin da ake yi sai a sa mutum biyu su yi aikin biyar, awa goma sha biyu-biyu ko fiye, a takarda an yi tsimi, a zahiri an samu mutum mai bindiga da bai yi barci ba. Kuma shi ɗan sandan kuɗinsa bai tsaya a albashi ba, akwai kashi 10 cikin ɗari da gwamnati ke zuba masa na fansho bisa dokar 2014, akwai inshora, akwai watannin horo a kwaleji kafin ya fara amfanar kowa, wanda ya bi ta makarantar horar da jami'an 'yan sanda ta Wudil ma shekaru yake yi. Wannan sai ka raba shi a kan shekarun da zai yi yana aiki, 35 in Allah ya ja kwana.

Mota ma haka. Ranar da gwamna ya miƙa makullan Hilux hamsin ana ta hoto, mutane suna ganin an gama kashe kuɗi, ni kuwa a wurina ranar aka buɗe bashi. Mu ƙaddara mota tana shan lita 30 a rana, a naira 1,000, 30,000 kenan kullum, kusan miliyan 11 a shekara mai kawai, ba a zo ga bakin mai da taya da birki da makaniki ba. Sannan ita kanta motar tana mutuwa a hankali, in za ta yi shekara biyar to kowace shekara kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta ya tafi, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Ba a ware wannan, shi ya sa kusan kowane caji ofis yake da gawar mota a harabarsa. Kuma wuri da wuri ba ɗaya ba. Jihar Bauchi ta ninka Gombe fiye da sau biyu a faɗin ƙasa, ƙananan hukumomi 20 ga 11. DPO na cikin garin Gombe da zai je Pantami ko Jekadafari ya dawo cikin minti talatin, ba za ka ba shi man da za ka ba na Toro ko Alkaleri ko Ningi ba, inda kira ɗaya zai iya cin rabin yini a hanyar da damina ta cinye, ga dajin Lame-Burra. In aka raba kuɗi daidai wa daida tsakanin ofisoshi an zalunci na karkara, in aka raba da yawan jama'a kawai ma an zalunce shi.

Wani abin kuma, lokacin ɗan sanda ina yake tafiya? A Ingila da Wales, masu runduna 43, a farkon shekarun 2000 sun taɓa sa 'yan sanda cike kati na tsawon sati biyu a shekara, duk minti goma sha biyar ka rubuta me kake yi, sintiri ne, rubutu ne, zaman kotu ne, daga nan a raba kuɗi a kan kowane irin aiki. Daga baya suka watsar don takardar ta yi yawa, amma har yau a takardar harajin gidan mutum ana nuna masa nawa ne rabon 'yan sanda a ciki. Mu da za a gwada wannan katin a caji ofis ɗaya a Bauchi, ina tabbatar maka za a ga awoyi masu yawa suna tafiya a rikicin bashi da gado da kuɗin haya da faɗan kishiyoyi, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin bashi ko kwantiragi. Duk awar da saje ya yi yana karɓo wa wani Alhaji bashi, an cire ta ne daga binciken shagonka.

Babbar ɓarakar ma tana sama. A 2018 Mike Okiro, lokacin yana shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda, ya ce sama da 'yan sanda 150,000 suna manne da manyan mutane da waɗanda ma ba su cancanta ba. Cire wannan daga 370,000, saura 220,000 ga sauran al'umma. Albashin mai riƙe wa matar wani jaka a kasuwa daga baitulmali yake fita. Kenan in ka sake raba tiriliyan ɗin da waɗanda ke yi wa talaka aiki da gaske, ɗan sanda ɗaya ya tashi a wajen miliyan 4.5, tsada ta ƙaru aiki bai ƙaru ba. Kusan kowane sabon Sufeto Janar sai ya ba da umarnin a janye su, kai dai ka leƙa gidan biki na manya ka ƙirga.

Kayan aiki kuma, rahoton Babban Odita na Tarayya na 2019 ya ce makamai 178,459 ba a iya nuna inda suke ba a rumbunan 'yan sanda zuwa ƙarshen 2018, a ciki har da AK-47 guda 88,078. A matsayina na wanda ya sha ƙirga kujeru da fanka a sito, wannan lambar ta fi tiriliyan ɗin tayar min da hankali, don bindigar da ta ɓace sau biyu ake biyanta, a sayi wata, a kuma biya ɓarnar da waccan za ta yi a hannun da ta faɗa.

In za ka kwatanta shekara da shekara kuma kar naira ta ruɗe ka. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. DPO da ake ba 100,000 a da yana sayen lita 500, a ƙarshen 2024 kuwa ko an ninka masa kuɗin sau biyu lita 200 zai samu. A takarda an yi masa ƙari, a tanki an rage masa fiye da rabi. Ni da lita nake auna kuɗin gudanarwa, albashi kuma da buhun masara. Ƙarin kashi 20 da aka amince wa 'yan sanda a ƙarshen 2021 bayan zanga-zangar EndSARS, tsadar kaya ta daɗe da haɗiye shi.

Sai ɓangare mai wuya, me aka samu da kuɗin. Nan ne ake yawan yaudarar kai. In ka ce da yawan kame za ka auna, gobe za a cika mota da samarin unguwa a ce 'yan kalare ne ko 'yan sara-suka, lamba ta yi kyau, iyaye su yi ta sayar da awaki suna beli. In ka ce da raguwar ƙararraki za ka auna, ai ofishin da ya fi tatsar mutane shi zai fi kowa ƙarancin ƙara, tunda an daina zuwa. Kai kanka yanzu in aka sake yi maka ƙaramar sata, Allah ya kiyaye, za ka koma? Abin da ni nake yarda da shi shine a tambayi mutane a gidajensu me ya same su bana, sun kai ƙara ko ba su kai ba, nawa suka kashe, sannan a bi fayil ɗari daga ranar buɗewa a ga nawa suka kai kotu, nawa aka yanke hukunci, nawa aka mayar wa mai kaya kayansa, kwana nawa aka ɗauka. Raba kuɗin ofishin na shekara da fayilolin da suka kai ƙarshe, ka samu kuɗin bincike ɗaya da ya yi amfani. Haɗa da abin da rashin tsaron ke ci, kuɗin 'yan banga da kowane gida ke bayarwa a wata, mai gadin layinku na kasuwa, gonar da aka bari ba a noma ba a bakin daji, kuɗin fansa. NBS ta fitar a ƙarshen 2024 cewa fansar da aka biya cikin shekara guda ta kai tiriliyan 2.23, an yi ta gardama a kan lambar, amma ko ka yanke ta gida biyu ta kai kasafin 'yan sandan gaba ɗaya.

Masu kiran a yi 'yan sandan jiha, ban ƙi ba, kakanninmu sun zauna da 'yan doka na En'e kafin soja su haɗe su da na tarayya. Amma a yi lissafin tukuna. Mutum 5,000 a kan 100,000 a wata miliyan 500 ne, biliyan 6 a shekara, albashi zalla, ba mota ba bariki ba fansho. Legas da ta kafa asusun tsaronta tun 2007 tana da bankuna da kamfanonin da za su zuba mata, mu su wa za mu tara? In jiha za ta ɗauki mutanen ta kasa zuba musu mai, an dai ƙara yawan masu ce maka kawo kuɗin mai ne.

In kana son ka bi abin da kanka, kasafin tarayya yana shafin ofishin kasafi a intanet, na Gombe ma ana sakawa, akwai kuma shafin baitulmali da aka buɗe a Disambar 2019 mai nuna manyan kuɗaɗen da aka biya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardarka, kodayake sai ka yi naci. Mafi sauƙi, ƙungiyarku ta masu sayar da waya ta samu kujera a kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na ofishin yankinku, ku tambayi DPO cikin mutunci, ranka ya daɗe mota nawa ke tashi, lita nawa ake ba ku a wata, daga ina. In za ku taimaka ku zuba man a gidan mai da sunan ƙungiya a ba ku rasit, kar a miƙa a hannu.

Naka na yanzu kuma, duk abin da ka bayar rubuta shi da kwanan wata da dalili. In abin ya wuce misali nemi ganin DPO da kansa, in bai yi ba akwai sashen karɓar koke na rundunar. Kwalayen wayoyin nan in suna nan kar ka yar, kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar waya da ke jikin kwalin, ta kowanne a takarda biyu, ɗaya ka ba mai binciken ya sa a fayil a gabanka, ɗaya ka zaga da ita wurin masu gyara da masu sayen na hannu a Gombe da nan Wunti, don ɓarawon waya bai cika riƙe ta ya wuce sati ba.